Shuɗin Yatsan Usta Jimet

Shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da ta Usta Jimet a bakin tashar Faya, ni ina facin taya, shi yana gyaran lagireto. Zana ɗaya ce ta raba mu, ita ma duk ta ɓule, har ta ramukanta muke miƙa wa juna kofin shayi. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, kada wani ya tsaya yi mini gardama. Na san tarinsa, na san irin tsakin da yake ja in dalma ta ƙi kamawa, na kuma san abin da ya ɓoye wa garin nan kaf har aka kai shi makwancinsa.

Ba shi da daɗin sha'ani, wannan kam ba zan rufe ba. Gajere ne mai ƙaton kai, ya zo daga Ati tun yana saurayi a bayan wata motar gishiri, bai ƙara komawa ba. Magana ba ta dame shi ba, in kuwa ya buɗe baki to wani zai sha kunya. Amma a zamaninsa ba mai hankalin da zai hau mota ya nufi yashin Jurab bai sa an ɗaga bonet ya leƙa saman lagireto ba. In ya ga tambarin babban yatsa da shuɗin fenti, ɗanye, sai ya yi bisimilla ya hau. In bai gani ba, ya sauke buhunsa ya jira wata motar. Har tsofaffin matan da ba ruwansu da inji sun san yatsan nan. Sai ka ji tsohuwa tana cewa, "Kai direba, buɗe mini in ga hannun Usta tukuna."

Dalilin a fili yake. A hanyarmu in taya ta fashe sai ka canza, in ka kafe a yashi ka tona. Amma motar da ke yoyo, ruwan cikinta za ta fara shanyewa, sannan ta koma kan wanda kuka ɗauko don bakinku.

Aikinsa iri ɗaya ne kullum, ba ya tsallake komai. In an kawo mota ba ya taɓa ta sai ta huce.

"Usta, sauri nake, fasinja na jira."

"To su jira. Zauna ka sha shayi, ko ka kai ta wurin wanda ke son ƙona fuskarsa."

In ta huce sai ya buɗe murfi, ya tsoma manunin yatsansa a ruwan, ya sunsuna, ya ɗora a harshe. Nan ne ake yin ta, don direbobinmu ba su da tsoron Allah a kan wannan abu. Mutum ya ga motarsa na ɗiga, maimakon ya bari a cire a like, sai ya zuba mata garin taba, ko barkono, ko ya fasa ƙwai, ko ya zuba lalle. Abin ya je ya toshe ramin, kwana ɗaya kwana biyu mota ta bushe ƙarau kamar sabuwa. Sai an shiga tsakiyar yashi, inji ya ɗauki zafi, toshin ya fice, ramin ya buɗe fiye da da.

Usta zai tofar ya ce, "Barkono. Kai, miya kake dafawa a ciki? Je ka kawo kuɓewa mu ƙarasa."

"Wallahi Usta ba ni ba ne, wanda ya tuƙa ta kafin ni ne."

"Kullum wanda ya tuƙa kafin kai. Wata rana zan so in ga fuskar mutumin nan, ya gama da motocin Faya."

Tasha ta kwashe da dariya, direba ya yi ta sosa ƙeya. Daga nan sai a zubar da ruwan, a cire lagireton, a wanke shi tas. Ya toshe bakunansa da guntayen tub, ya haɗa famfon keke, ya nutsa shi a rabin duro na ruwa, ya durƙusa yana kallo. Ya kan daɗe a haka kamar mai jiran kifi. In kumfa ta taso, ko ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, ya sa alama, ya hura wuta, ya like da dalma, ya sake nutsawa. Sai ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da hannu. In komai ya yi masa, sannan ya jawo gwangwanin fentinsa ya dangwala. Akwai manyan mutane da suka roƙe shi ya dangwala kawai don suna sauri, ya ce su je su sayi fenti, yatsa kowa na da shi.

Matarsa Ashta ta haifi biyar, ɗaya ne ya tsaya, Hisen. Dogo ne kamar uwarsa, mai fara'a, ba inda ya ɗauko uban sai taurin kai. Usta ya so ya gaje shi, shi kuwa sitiyari yake so, ya kuma samu. Ya auri Zenaba, 'yar Alhaji Korei mai gonakin dabino da motoci uku. Yarinyar ce ta nace, Alhaji ya ba da ita yana ɓata rai, kuma bai taɓa daina kiran Hisen ɗan mai dalma ba, ko a gaban mutane. Shekara biyu yaron yana bin motocinsa a matsayin mataimakin direba, bai taɓa miƙa masa makulli ba.

Da cikin Zenaba ya tsufa aka kai ta wurin uwarta a Kuba, can hayin Jurab, ta yi haihuwar fari a gida. Saƙo bai iso Faya ba sai ran kwana biyar: an sami namiji. Suna jibi ke nan, hanya kuwa yini guda ce cur in an yi sa'a. Ciwon ƙafa ya hana Alhaji tafiya, direbobinsa duk suna kan hanya, sai ya ciro makullin ƙaramar a-kori-kurarsa ya ba Hisen, ya haɗa shi da ɗan ƙanensa Barkai da ragon suna.

Washegari da hantsi suka tsaya a ƙofar rumfar Usta. Alhaji na zaune a gaba, ya zo rakiya, tasha kuma cike da mutane don lokacin dabino ne. Ina daga wurina ina kallo ta ramin zana. Usta ya buɗe murfi. Na ga yatsansa ya tashi kamar kullum, sai ya tsaya a sama.

Tsoma yatsan nan fa, ko an ƙi ko an so, cewa ne ban yarda da kai ba. Ga bare ba komai, kowa ya saba, a yi dariya a wuce. Amma ga ɗan cikinka, magidanci, uban jariri, ranar farko da aka ba shi makulli, a gaban surukin da dama neman abin faɗa yake? A wurinmu ba a yi wa ɗa haka. Usta ya ɗaga kai ya dubi Hisen.

Hisen ya yi murmushi ya ce, "Abba, jiya na wanke ta, sabon ruwa ne."

Usta ya sauke hannunsa ya goge a riga, alhali bai taɓa komai ba. Ya ɗauko wani murfi da ya yi wa bakin famfo, ya ɗaura, ya buga iska, ya kwanta ƙarƙashin motar ya daɗe yana dubawa. Ya bi tiyo da hannu. Ko ɗigo babu. Ya fito ya karkaɗe jikinsa, ya dangwala shuɗi.

Alhaji Korei ya leƙo ta taga ya ce, "Ashe ɗan naka ya iya riƙon mota, Usta."

A shekarun da na yi da mutumin nan ban taɓa ganin fuskarsa ta saki kamar ranar ba. Da suka tafi ya miƙo mini shayi ta ramin zana, ya cika masa sukari, shi da kullum yake cewa sukarina zai kashe ni.

Kwana uku bayan haka wata motar Kuba ta shigo, direban yana tambaya me ya hana uban jariri zuwa suna. Motoci huɗu suka fita nema. Sun sami a-kori-kurar a bayan wani tudun yashi, bonet a buɗe, rago ya mutu a ɗaure, Barkai a ƙarƙashinta harshe ya kumbura, da sauran numfashi. Da ya iya magana ya ce tun azahar ta ranar farko inji ya fara tafasa. Shi Barkai ne ya ce a ƙara ruwa a ci gaba, ai hannun Usta na kai, zafin rana ne kawai. Suka zuba jarka ɗaya, suka zuba ta biyu, motar na sha tana zubarwa, har ta tsaya gaba ɗaya. Ragowar ruwan da ke salka Hisen ya bar masa, ya ce ya zauna a inuwa, shi ya san hanyar rijiya. Ya kama hanya da ƙafa. An sami gawar Hisen tafiyar sa'a biyu kafin rijiyar, ya rufe fuskarsa da rawani. A can aka binne shi, bai ga ɗansa ba.

Da na shiga yi wa Ashta gaisuwa na tarar tana ba mata labarin safiyar tafiyarsa, kuma ashe kowa ya shigo sai ta maimaita masa. Ta ce ta ɗaure wa maijego turare da sabulu da lalle, ya kai mota, sai ga shi ya dawo yana dariya.

"Ya ce, 'Iya, ƙara mini lalle mana, ƙannen Zenaba yawa gare su, kada su ce surukarta marowaciya ce.' Na ce ka ji ɗan banza, ni ce marowaciya? Na cika masa babbar moɗa. Ya kama kaina ya sumbata." Sai ta share ido ta ce, "Abin da ya rage mini ke nan, dariyar nan. Da ita nake kwana."

Na yi mata addu'a na fito, ban kawo komai a raina ba.

Sai bayan mako biyu aka jawo motar. Alhaji ya ce a ajiye ta a ƙofar rumfar Usta ya riƙa kallon aikinsa. Usta ya ɗauko kayan aikinsa. Ya kwance lagireton shi kaɗai, ya kai bayan rumfa inda ba mai gani, ya kira ni.

"Adum, zo ka riƙe mini."

Na riƙe, ya buɗe bakin ƙasa. Wani abu mai kauri ya gangaro, tsakanin kore da ja. Ya tsoma yatsan da bai tsoma ba ran nan. Bai ma kai shi harshe ba, don ni da nake tsaye na ji ƙanshin, irin na gidan biki. Ya wanke lagireton, ya toshe, ya nutsa a duro, ya buga famfo, duk a hankali kamar mota na jira. Kumfa ta taso a jere daga haɗin ƙasa. Tsaga ce tsawon ɗan yatsa, bakinta ya yi baƙi, tsohuwa ce.

Ya ce, "Aikin rabin yini, Adum. Da ya gaya mini, da la'asar ya tafi. Da bai rasa sunan ba ma."

Raina ya tashi. Na ce, "Bari in kira su. Alhaji da Barkai da duk masu baki a tashar nan, su zo su sunsuna da hancinsu. An yaudare ka ne, kowa ya gani."

Ya dube ni ya ce, "Lallen wa?"

Sai lokacin moɗar nan ta faɗo mini.

"Da hannunta ta auna masa," in ji shi. "Ka ji ta ai. Kana so in je in karɓe dariyar nan in ba ta wannan?" Ya nuna abin da ke ƙasa. Ya sa ƙafa ya tura yashi ya rufe. "Kuma ba ƙarya zan yi ba. Yatsana ya tashi, ni na sauke shi."

Da la'asar dattawa suka taru a ƙofar gidan Alhaji Korei, aka kira Usta. Ya tsaya a tsakiya da rigar aikinsa ya ce, "Yoyon yana nan tun kafin su tashi. Ni ne ban gani ba. Idona ya tsufa."

Barkai ya fashe da kuka yana cewa, "Hannunka muka gani, Usta. Ba don hannunka ba da ban ce a zuba ruwan sha ba."

Alhaji ya ce, "Ka kashe ɗanka da kanka, ka mai da 'yata gwauruwa. Me zan ƙara maka? Tafi."

Ina tsaye a baya na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Mutanen tasha kuwa, Allah ya shirye su. Waɗanda ya ceci rayukansu sau nawa, waɗanda ya tsamo wa barkono da ƙwai daga mota suna rantsuwar ƙarya, su ne suka fara kiransa Usta Makaho. Wani ya buɗe rumfa a ɗaya gefen da wani agogon awo mai allura, duk suka koma can. Tsofaffin mata suka daina cewa a buɗe musu bonet. Shi kuwa kullum sai ya fito, ya share gaban rumfa, ya zauna yana like butoci da fitilu da kwanonin da mata ke aikowa. Gwangwanin fentin yana kan katako inda ya saba, har ya bushe ya zama dutse.

Wata rana wani direba ya tsaya shan iska a tayarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Usta, in kawo maka tabarau daga Anjamena?" Ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen cire taya ba, sai da mutum uku suka riƙe ni. Da aka watse, maimakon godiya, Usta ya leƙo ta ramin zana ya ce, "Kai tsoho ne ko yaro? In ka fasa masa kai a kaina, gobe a ce me ya sa, jibi a fara tono. Zauna ka yi facinka."

Na ce, "To har yaushe?"

"In Ashta ta riga ni, ka faɗa. In na riga ta, ka haɗiye."

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Na tsani shekarun nan, na tsani tashar, wani lokaci har shi nake jin haushi. Na lura Ashta ta daina ba da labarin safiyar nan, na ɗauka baƙin ciki ne ya yi mata nauyi. Kullum da azahar tana aiko masa tuwon gero da miyar kuɓewa, mu ci tare, ba ya iya cinye rabi. Shi ya riga ta. Lokacin dabino ne, ya jingina da duronsa bayan azahar, butar wata mata a cinyarsa, na miƙa shayi ta rami ba a karɓa ba. Mu tara muka bi gawarsa.

Bayan ta fita takaba Ashta ta zo da hantsi kwashe kayansa. Ta tsufa ƙwarai. Na shimfiɗa mata tabarma, na kira ta yadda muke kiran uwa da sunan ɗanta, na ce, "Am Hisen, da kin aiko na kawo miki har gida."

Ta ɗauki gwangwanin fentin tana juya shi a hannu, sannan ta ce, "Adum, kai ka riƙe masa lagireton ran nan, ko?"

Na ce, "Wane lagireto?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Shekara arba'in ina auren mai lagireto, ka zaci ban san abin da direba ke yi da lalle ba? Ranar da ya dawo daga wurin dattawa na zuba masa ruwan wanke hannu. Na ga gefen farcensa ya yi ja. Na ji ƙanshin. Lallena ne, ni na daka shi, da ganyen da nake haɗawa."

Na rasa inda zan sa idona, sai na sauke shi ƙasa. Nan na ga tafin ƙafarta fari fat, ita da a da ba a taɓa ganin ta ba lalle ba. Shekara goma sha ɗaya ina gaishe ta ban lura ba.

Na ce, "To me ya hana ki gaya masa? Da ya huta. Da kun huta ku duka."

"Da ya mutu a shekarar," in ji ta. "Ɗansa ya tafi, sunansa ya tafi. Abu ɗaya ya rage masa da yake tashi dominsa da safe, wai yana tsare ni. In karɓe masa wannan ma?" Ta goge hanci da gefen mayafi. "Kullum ya shigo sai ya leƙa fuskata ya ga ko na ji wani abu a gari. Ni kuma in yi masa fuskar da yake so. Yanzu ba ya nan. Tashi ka je ka gaya musu hannun Abu Hisen bai taɓa ƙarya ba. Ka ce lallena ne. Ina nan ina jiranka."

Na tafi, har ina tuntuɓe don sauri. Maganar da na riƙe shekara goma sha ɗaya tana cina. Na tarar da direbobi a rumfar mai shayi, sun kai goma sha biyar, na tsaya a kansu na faɗi komai, tun daga yatsan da ya tashi har moɗar lalle. Sai da na gama na dube su da kyau. Alhaji Korei ya daɗe da rasuwa. Barkai ya koma Libiya. Mai maganar tabarau ɗin nan ma ban san inda ya shiga ba. Duk samari ne, rabinsu idonsu na kan waya. Sun saurare ni da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, har wani ya matsa mini a benci. Sai ɗaya ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Amma Baba, wane ne Usta Jimet ɗin? Ko tsohon nan mai like butoci?"

Na dawo a hankali. Tana zaune inda na bar ta, gwangwanin a cinyarta.

"Me suka ce?"

Na ce, "Sun yi ta salati, Am Hisen. Sun ce dama su sun san hannun Usta ba ya ƙarya."

Ta ɗaga kai ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Madalla." Ta ɗaure gwangwanin a bakin mayafinta, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce sauran kayan in ba duk wanda yake so.